Ɗora Manhajar Ilimin Ƙwaƙwalwa ta Waya a Kan Kwamfutar Tebur

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran yaran shago, saƙonka ya iske ni a Kano ina tsakiyar ciniki a kasuwar Farm Centre, shi ya sa na bari sai da na koma masauki bayan sallar isha'i domin in ba ka amsa a tsanake. Ka ce wata malama da ke koyarwa a makarantar koyon aikin jinya can Birnin Kebbi ta kawo kwamfutar tebur ƙirar HP, tana son manhajar da ke wayarta, wadda ke nuna sassan ƙwaƙwalwar ɗan Adam da jijiyoyi ana juya su ta kowace fuska, ta koma kan kwamfutar domin ta riƙa haska wa ɗalibai da majigi. Ka ce ka tura fayil ɗin manhajar daga wayar zuwa kwamfutar, ka danna shi, Windows ta nuna ba ta san abin da za ta buɗe shi da shi ba, kuma kana tambaya ko ka sauke BlueStacks kamar yadda wani abokinka ya ba ka shawara.

Ba ka yi kuskure wajen dannawa ba, kuma fayil ɗin bai lalace ba. Abin da ka tura, wanda sunansa ya ƙare da apk, an ƙera shi ne domin tsarin Android, ita kuwa Windows fayilolin da take tayarwa su ne irin masu ƙarewa da exe ko msi. Kada ka ɓata lokacinka wajen sauya ƙarshen sunan, domin na taɓa ganin wanda ya gwada haka yana jiran abin mamaki. Furosesar, wato ɗan guntun da ke aiwatar da umarni a na'ura, da ke cikin kusan duk wayoyin hannu irin ta ARM ce, wadda ke cikin kwamfutar malamar kuwa ta Intel ce, kuma umarnin da ɗaya ke ganewa ɗayar ba ta gane shi, tamkar ka zaunar da Bazabarme da Badakkare waɗanda ba su jin Hausa ka ce su yi ciniki ba tare da tafinta ba. BlueStacks da 'yan uwanta irin su LDPlayer da MEmu, waɗanda muke kira emuleta, aiki biyu suke yi a lokaci guda: suna gina wayar Android ta kwaikwayo a cikin kwamfutar, sannan suna yin tafinta tsakanin manhajar da furosesar. Ayyukan nan biyu kowanne yana cin ƙarfin na'ura, kuma a nan ne masu gaggawa suke jin kunya a gaban mai kaya.

Shi ma fayil ɗin da ka tura, ina shakkar ya cika. Tun watan Agustan 2021 Google ta wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ke sa Play Store ta riƙa raba manhaja gida-gida, ta aika wa kowace waya ɓangarorin da suka dace da furosesarta da girman allonta da harshenta. Saboda haka idan ka ciro apk guda ɗaya daga waya, sau da yawa gangar jikin ka ɗauko ka bar sauran a baya, ko da ka sa shi a emuleta sai ya ƙi hawa, ko ya hau ya rufe kansa da zarar an buɗe. Ka goge shi daga kwamfutar, ba za mu yi aiki da shi ba.

Amsata a kan BlueStacks ita ce kada ka sauke komai tukuna. Malamar ba emuleta ta zo nema ba, abin da take so shi ne ɗalibanta su ga ƙwaƙwalwa ƙatuwa a jikin bango, a juya ta, a ɓare ta, a nuna musu inda ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya take da inda laka ta sauka cikin ƙashin baya. Idan akwai hanyar da ta fi sauƙi zuwa ga wannan buƙata, ita za mu bi. Ka karɓi wayar a gabanta, ka buɗe shafin manhajar a Play Store, ka gangara ƙasa inda aka rubuta sunan masu ita da adireshinsu na intanet, ka duba ko sun yi wadda ake ɗorawa a Windows ko wadda ake buɗewa a birauza. Manhajoji da yawa na koyon sassan jiki suna da haka. Complete Anatomy, alal misali, tana da ta Windows, kuma mai rajista yana shiga da asusunsa ɗaya. Ko da tata ba ta da shi, ka nuna mata shafin BrainFacts.org na ƙungiyar masana ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta Amurka, inda akwai siffar ƙwaƙwalwa da ake juyawa da maus a cikin birauza, kyauta, ba tare da an ɗora komai ba. Mai yiwuwa ta ce ya ishe ta, mai yiwuwa kuma ta ce darussanta sun ginu ne a kan waccan manhajar da tambayoyin gwajin da ke cikinta. Ita ta san aikinta, kai dai ka gabatar mata.

Da wayar iPhone ce take riƙe da ita, da maganar ta ƙare tun a nan, domin babu wata hanya ta gaskiya da ake tayar da manhajar iPhone a kan Windows, kuma duk shafin da ya yi maka alkawarin haka ka guje shi. Haka kuma za ka ci karo da bidiyoyi masu koyar da yadda Windows 11 ke tayar da manhajojin Android da kanta. A da gaskiya ne, amma Microsoft ta janye tallafin wannan tsari a ranar 5 ga Maris, 2025, don haka ba abin da za mu ɗora wa mai koyarwa ba ne.

Idan ta tsaya a kan manhajar tata, to sai ka juya ga na'urar ka duba abin da za ta iya ɗauka. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance, ka duba yawan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita idan tana kunne, sannan ka danna CPU ka karanta layin da aka rubuta Virtualization a ƙasa ta hannun dama. Masu BlueStacks sun rubuta cewa mafi ƙarancin abin da take buƙata shi ne gigabait 4 na ram da gigabait 5 na fili a ma'ajiya, amma ka san cewa mafi ƙaranci yana nufin za ta tashi ne kawai, ba a ce za ta yi gudu ba. Windows 10 ita kaɗai takan riƙe kusan rabin gigabait 4 ɗin nan tun ba a buɗe komai ba, sauran kuma shi ne wayar kwaikwayon za ta raba da manhajar da ke zana dubban siffofi a kowane juyi. A aikina, ban yarda in ɗora emuleta a na'urar da ba ta kai gigabait 8 ba, musamman idan tsohon faifai mai juyawa ne a ciki maimakon SSD. Ka duba kuma ko Windows ɗin mai bit 64 ce, domin mai bit 32 ba ta amfana da abin da ya wuce kimanin gigabait 4 ko da ka cika ramukan babban allon da ke cikin akwatinta da ram. Idan ana buƙatar ƙari, ka buɗe murfin ka karanta takardar da ke manne a jikin ram ɗin, ka gaya mini ko DDR3 ne ko DDR4, domin tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Kuma ka faɗa wa malamar kuɗin tun kafin ka taɓa sukurdireba.

Layin nan na Virtualization shi ne ƙashin bayan aikin. Wata baiwa ce da ke cikin furosesa, Intel na kiranta VT-x, AMD kuma AMD-V ko SVM, wadda ke barin wayar kwaikwayon ta yi amfani da furosesar kai tsaye maimakon ta bi doguwar hanya. Yawancin kwamfutocin ofis na gwanjo da ake shigo mana da su a kashe take zuwa. Idan ka ga an rubuta Disabled, sai ka kashe na'urar, ka kunna, ka riƙa danna F10 tun kafin tambarin HP ya ɓace, domin ka shiga bayos, wato shafin saitin na'urar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi. Da Dell ce F2 za ka danna. A tsofaffin HP na ofis za ka same ta a ƙarƙashin Security, cikin System Security, a sababbi kuwa tana ƙarƙashin Advanced, cikin System Options. Ka kunna ta, ka adana, ka fita, kuma ina roƙonka kada ka taɓa komai ban da ita. Shekarun baya, ina neman wannan layin a na'urar wani bawan Allah mai shagon buga takardu, hannuna ya sauya yadda bayos ke magana da faifai ban lura ba. Da na kunna, sai shuɗin allo ya tarye ni, Windows ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba, mai kayan yana tsaye a kaina yana tambayar ina takardun mutane da ke ciki. Na shafe fiye da sa'a guda ina gumi kafin in gano abin da na taɓa. Tun daga ranar nake ɗaukar hoton kowane shafi na bayos da waya kafin in sauya ko harafi ɗaya, kai ma haka za ka riƙa yi.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke mayar da aiki baya a garuruwanmu, wanda ba za ka gan shi a bidiyoyin Turawa ba saboda su wuta ba ta yanke musu kamar mu. A jikin babban allon da ke cikin akwatin kwamfutar akwai batir mai siffar kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, shi ke riƙe agogo da saitin bayos idan an zare wuta. A na'urar da ta shekara goma ko fiye, sau da yawa ya riga ya mutu. Za ka kunna VT-x a shago komai ya yi daidai, malamar ta ɗauki kayanta zuwa makaranta, da an jona sai a tarar saitin ya koma yadda kamfani ya fito da shi, emuleta ta ƙi tashi ko ta riƙa rarrafe, agogo kuma ya koma wata shekara can baya, wanda hakan kaɗai ya isa ya hana shiga asusun Google. Ka gwada shi haka: ka daidaita agogo, ka kashe, ka zare igiyar wuta daga bango na minti biyar, ka mayar ka kunna. Idan kwanan wata ya sauya, ka ɗauko sabon batir a aljihun teburina na sama ka sa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Idan na'urar ta tsallake waɗannan, ɗora emuletar ba wani abu ba ne mai wahala. Ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka a birauza, kada ka danna talla ko shafin da ke cewa yana da wadda aka fasa. Fayil na farko da za ka sauke ƙarami ne, shi ne zai jawo sauran ɗaruruwan megabait daga intanet, saboda haka ka tabbata akwai data isasshiya kuma ka jona na'urar a UPS ɗin shago, domin yankewar wuta a tsakiyar ɗorawa yana nufin komawa farko. Idan ta buɗe za ka ga fuskar Android da Play Store a ciki. A nan sai ka miƙa wa malamar kibod ta shigar da asusunta na Google da kanta, kai kuma ka kau da kai. Google za ta iya aika tambaya ko lamba zuwa wayarta domin tabbatarwa, don haka wayar ta kasance a hannunta. Kada ka sa asusun shago ko naka don ka gaggauta aiki, domin idan ta biya kuɗin manhajar ta Play Store, abin da ta saya yana ɗaure ne da asusunta, kuma ba na son ranar da za a ce kalmar sirrin wani ta bi ta hannunmu. Daga nan sai ta nemo manhajar da sunanta ta sauke, kamar yadda ta yi a waya. Idan Play Store ta ce manhajar ba ta dace da wannan na'ura ba, galibi tsohon Android ne emuletar ta tayar; BlueStacks tana da wurin da ake ƙirƙirar sabuwar wayar kwaikwayo, ka zaɓi mai Android 11 mai bit 64 ka sake gwadawa.

Hawan manhaja ba shi ne ƙarshen aiki ba, kuma ina son ka daɗe a wannan mataki fiye da kowanne. Manhajar karatu mai rubutu zalla kowace na'ura za ta ɗauke ta, amma siffar ƙwaƙwalwa da ake juyawa a kan sashen zane na kwamfuta take hawa, wanda a irin wannan HP ɗin yana cikin furosesar Intel ne, yana kuma aron ram ɗin da dama bai wadata ba. Ka buɗe siffar, ka kama ta da maus ka juya a hankali. Idan ka ga baƙin allo, ko ƙwaƙwalwar ta fito fara fat babu launukan da ke bambanta sassanta, ko rubutun sunayen ya tarwatse, ka fara da sabunta direban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da sashen zanen, daga shafin HP ko na Intel, sannan ka shiga saitin emuletar ka sauya tsakanin hanyoyin zana hoto biyu, OpenGL da DirectX, ka sake kunna ta bayan kowane sauyi. A saitin nan kuma ka ba ta rabin ram da rabin cibiyoyin furosesar, ka bar wa Windows sauran, domin idan ka ba baƙo ɗakin gaba ɗaya mai gida ba shi da wurin kwana. Maus yatsa ɗaya ne, alhali manhajar an yi ta ne domin yatsu biyu masu buɗewa da tsukewa, don haka ka koya wa malamar riƙe Ctrl tana murza 'yar tayar da ke tsakiyar maus idan tana son kusanto da hoto.

Kada ka yi gwajin kai kaɗai, domin ni da kai ba mu san abin da ya kamata ya fito ba. Ka ce mata ta buɗe darasin da za ta koyar a makon. Idan tana koyar da jijiyoyin kai ne, ta ƙirga ta ga tagwaye 12 ɗin nan sun fito kowanne da sunansa, haka tagwaye 31 da ke fita daga laka. Idan manhajar tana nuna mayafai uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ta ɓare su ɗaya bayan ɗaya ta ga ba ya sarƙewa. Waɗannan mayafan su ne ciwon sanƙarau ke kumbura su, kuma ka tuna yadda annobarsa ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Kebbi a 2017. Ɗaliban da za su kalli bangon nan su ne gobe za su tsaya a kan irin waɗannan majinyata, saboda haka hoton da ya fito rabi da rabi ba abin da za mu sallama ba ne. Bayan haka ka cire intanet gaba ɗaya, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Wasu manhajojin sukan sauke darussansu a ajiye, wasu kuwa ba su motsi sai da intanet, kuma gara ta san wannan a shagonmu da ta gano shi a gaban aji.

Duk da wannan dogon bayani, idan ram ɗin ya tsaya a gigabait 4 kuma malamar ba ta shirya kashe kuɗi ba, ni a ganina akwai hanyar da ta fi emuleta dacewa da ita. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna scrcpy, ta kamfanin Genymobile, wadda ke ɗauko fuskar waya ta igiyar USB ta nuna a allon kwamfuta, har ana sarrafa wayar da maus da kibod. Manhajar ƙwaƙwalwar tana nan a wayar da aka yi ta dominta, wayar ce ke yin duk aikin zane, kwamfutar hoto kawai take karɓa ta miƙa wa majigi, don haka ko tsohuwar na'ura tana ɗauka, babu maganar bayos, babu shigar da asusu. Za ka shiga saitin wayar, wurin bayanin waya, ka taɓa Build number sau bakwai har ta nuna an buɗe sashen masu ƙira, ka shiga can ka kunna USB debugging, ka jona igiya, wayar ta tambaya ko an yarda da wannan kwamfutar, malamar ta amince da yatsanta. Ka nemi igiya mai ɗaukar bayanai, domin da yawa daga cikin na bakin titi caji kawai suke yi. Illarta ita ce: wayar za ta kasance a ɗaure a tebur har a tashi darasi, kuma duk saƙon da ya shigo zai fito ƙato a bango ɗalibai suna kallo. Ka nuna mata yadda za ta toshe sanarwa kafin ta shiga aji, ka kuma nuna mata inda ake kashe USB debugging idan ta gama.

Ko wace hanya aka bi, kafin ka rufe murfin ka busa ƙurar da ta taru a fanka da haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa. Ƙurar hunturunmu takan yi kauri a wurin kamar auduga, kuma idan watan Afrilu ya zo zafin Birnin Kebbi ya haura digiri 40, furosesar da ke fama da emuleta a ajin da ba fanka za ta rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone, malamar kuma ta ɗauka aikinmu ne bai yi ba. Ka duba bayan na'urar ka ga ko VGA take da shi ko DisplayPort, ka tambaye ta irin ramin da ke jikin majigin makarantarsu, domin waɗannan HP na ofis da yawansu ba su da HDMI, kuma idan sai an nemi abin haɗi gara in sayo shi tun ina nan.

Gobe da safe kafin azahar ka turo mini hoton takardar ram ɗin, da hoton bayan na'urar, da abin da layin Virtualization ya nuna, domin jibi in Allah ya yarda zan kamo hanya ta Gusau. Ka gaishe da malamar, ka ba ta haƙuri, ka ce mata ta zo da wayar da igiyarta ranar Asabar da hantsi.